Faten Tuffa don Vida

ZOFKA: Halo?

STANKO: Halo. Toronto ce? Gidan Rudi?

ZOFKA: Nan ne. Wa ke magana?

STANKO: Ni ne, Stanko.

ZOFKA: Wane Stanko?

STANKO: Stanko nawa kika sani? Mijin yayarki Vida.

ZOFKA: Stanko... Ikon Allah. Muryarka ta tsufa.

STANKO: Mai muryar ma ya tsufa. Ina kwana? Ko ina wuni ne a wajenku?

ZOFKA: Safiya ce, yanzu na ɗora kofi a wuta. Ku fa?

STANKO: Mu har mun ci na rana. Kun tashi lafiya?

ZOFKA: Lafiya lau. Ya gida?

STANKO: Lafiya. Ya maigidanki Rudi? Ya ƙafar tasa?

ZOFKA: Wa ya gaya maka zancen ƙafarsa?

STANKO: A wasiƙarki ta ƙarshe kika rubuta.

ZOFKA: Shekara tara ke nan, Stanko. Ƙafar ta warke, yanzu ɗayar ce ke ciwo.

STANKO: To Allah ya ba shi lafiya. Ya yara?

ZOFKA: Yaran sun zama iyaye. Ya mutanen ƙauye? Ya sanyi?

STANKO: Ya fara shigowa. An gama yankan inabi makon jiya, bana sai godiya. Ku can sanyi ya sauka?

ZOFKA: Nan ai ba ya tafiya balle ya sauka. Ina kake kira? Kun sa waya a gida ne?

STANKO: Ina! Gidan waya na gangaro. Zofka, tambaya ce da ni a kan tuffa.

ZOFKA: Tufa? Wace tufa? Riga kuke so a aiko?

STANKO: Ba tufar sawa ba. Tuffa, ta bishiya. Faten tuffa nake so ki koya mini, irin na Mama. Mai zaƙin, da kuma mai hren, saiwar nan mai yaji.

ZOFKA: Shekara tara ba wanda ya neme ni, yau ka sauko daga kan tudu, ka kira Kanada, don faten tuffa?

STANKO: E.

ZOFKA: Matarka ba ta da hannu ne?

STANKO: Tana da shi.

ZOFKA: To ta dafa maka mana. Ko har yanzu kai ne ka fi ta son zaƙi?

STANKO: Ba ni zan ci ba. Ita ce ta ce tana marmari. Na yi sau biyu, ta ɗanɗana ta kau da kai.

ZOFKA: Kai da ko ƙwai ba ka iya soyawa? Me ya shigar da kai kicin?

STANKO: Na koya. Tun watan shida nake girki.

ZOFKA: Tun watan... Stanko, layin yana ƙara. Ka ce tun yaushe?

STANKO: Watan shida. Ki dai faɗa mini yadda ake yi, na zo da fensir.

ZOFKA: To. Wace tuffa ka sa?

STANKO: Na sayo a kasuwar Ptuj, manya masu kyau.

ZOFKA: Ka ga kuskuren fari. Waɗannan ruwa ne zalla. Mai tsami ake so, ƙanana jajayen nan na bishiyar gefen rijiya. Ko kun sare ta?

STANKO: Tana nan. Na so in sare ta shekarun baya, rassanta na karya rufin rumbu. Vida ta ce in na taɓa ta in nemi wani gidan.

ZOFKA: Hm. To ita za ka tsinko. Ka wanke, ka raba huɗu, ka cire 'ya'yan ciki. Kada ka fere.

STANKO: Kada in me?

ZOFKA: Kada ka fere ɓawon.

STANKO: Ai kuwa na fere tas. Shi ya sa ta ce ya yi fari fat kamar na asibiti.

ZOFKA: Ɓawon ke ba shi jan nan. Ruwa rabin kofi kawai, ba wanka za ka yi musu ba. Kanumfari biyu, kirfa ɗan guntu. Ka rufe, wuta kaɗan, har su narke. Sai ka juye a rariya ka danna da bayan ludayi, ɓawon ya tsaya a sama. Me ya kai Vida sanin faten asibiti?

STANKO: Sukari fa, yaushe ake zubawa?

ZOFKA: A ƙarshe, bayan ka ɗanɗana. Na tambaye ka.

STANKO: Ta ɗan kwanta a asibitin Maribor.

ZOFKA: Kwana nawa?

STANKO: Mako bakwai.

ZOFKA: Yanzu tana ina?

STANKO: Tana gida. Sun sallame ta.

ZOFKA: Ta warke ke nan.

STANKO: Sun dai sallame ta. Maƙwabciyarmu Rezka na zaune da ita kafin in koma. To mai hren ɗin fa? Na tono saiwar, na gurza, har ban ganin gabana don hawaye, amma da na kai mata ta ce ba ta ji komai ba.

ZOFKA: A tukunya ka zuba, tana kan wuta?

STANKO: E mana.

ZOFKA: Ka kashe shi. Zafi na kashe yajinsa. Rabin faten za ka ɗebe kafin ka sa sukari, ka bar shi ya huce sarai. Sannan ka gurza hren, a waje, ka juya wa iska baya. Kana gamawa ka yayyafa masa ruwan kal da gishiri ka haɗa, kada ka bari ya sha iska. Da dafaffen naman shanu za ta ci?

STANKO: Ba ta cin nama yanzu. Ba ta cin komai, Zofka. Magungunan sun ɗauke mata ɗanɗano, ta ce duk abin da ta sa a baki kamar takarda. Tana ganin ko hren zai hau mata hanci ta ji wani abu. Ranar Lahadi da fadan cocinmu ya zo ma...

ZOFKA: Fada ya zo gida?

STANKO: Ya zo.

ZOFKA: Gaisuwa ya zo, ko man addu'ar ƙarshe ya shafa mata?

STANKO: ...

ZOFKA: Stanko, kana ji na?

STANKO: Ina ji. Ya shafa mata.

ZOFKA: Shi ne ka tsaya kana tambayata ƙafar Rudi.

STANKO: Ban san ta inda zan fara ba. Tun daga gida nake shirya maganar, da na ji muryarki ta watse.

ZOFKA: Me likita ya ce?

STANKO: Ya ce in ta ga Kirsimeti, mu gode wa Allah.

ZOFKA: Ita ta ce ka kira ni?

STANKO: A'a. Ba ta san na zo ba, ce mata na yi zan sayo gishiri.

ZOFKA: Na sani ai. Vida ba ta lanƙwasuwa. Ka san abin da ta rubuto mini da Mama ta rasu? Wai wadda ba ta zo ta rufe uwarta ba, kada ta ƙara cewa tana da 'yar'uwa. An yi mini aiki kwana huɗu kafin nan, ko zama ban iya yi. Ba ta tambaya ba.

STANKO: Ke ma ba ki faɗa ba.

ZOFKA: Wasiƙa uku na rubuta. Suna nan cikin akwati, ban aika ba.

STANKO: Duk ku biyun taurin kan Mama kuka ɗauko. Zofka, na yi miki ƙarya ɗazu.

ZOFKA: Wacce daga ciki?

STANKO: Ba cewa ta yi irin na Mama ba. Da ta ajiye cokalin, cewa ta yi, "Ba haka Zofka take yi ba."

ZOFKA: Haka ta ce? Da sunana?

STANKO: Da sunanki. Rabon da in ji shi a bakinta tun ranar jana'iza. Ta faɗa, sai ta juya ta fuskanci bango.

ZOFKA: Mama ba ta taɓa gurza hren ba, idonta ba ya ɗauka. Tun ina shekara goma sha biyu ni ake turawa bakin rijiya da magurji. Vida ta zauna a kan dutse tana yi mini dariya, wai ina kukan saurayi. In na gama kuma ita ce mai fara sa yatsa.

STANKO: Har yanzu dutsen na nan.

ZOFKA: A nan ma ana sayar da shi, a kwalba. Fari, ba ya ko sa atishawa. Kowace kaka sai na yi faten, Rudi ya ce ya yi daɗi, ni kuwa na san ba shi ba ne. Shekara ashirin da shida ban ci tuffar da ta... Stanko, gashinta fa? Har yanzu tana yin kitson nan guda ɗaya?

STANKO: Ya zube. Tana ɗaura ɗankwalin Mama, shuɗin.

ZOFKA: ...

STANKO: Halo? Zofka?

ZOFKA: Ina nan. Kofina ne ya ƙone.

STANKO: Matar gidan waya tana nuna mini agogo. Ki sake faɗa mini, ruwan kal cokali nawa?

ZOFKA: Bar shi. Ka yi mata mai zaƙin yau, da ɗumi, ka sa ɗan man shanu a kai. Mai hren ɗin kada ka taɓa, ɓata saiwar kawai za ka yi.

STANKO: To wa zai yi mata?

ZOFKA: Bas ɗin Ptuj har yanzu yana hawowa ƙauye?

STANKO: Yana hawowa, sau biyu a rana. Zofka, zuwa za ki...

ZOFKA: Ban ce ba. Tambaya na yi. Fasfo ɗina ma ban san ko yana da rai ba, ga Rudi da ƙafa. Kada ka gaya mata komai, ka ji? Kada ka sa mata rai. In ta tambayi inda ka koyo, ka ce Rezka ce.

STANKO: Tana ɗanɗanawa za ta gane.

ZOFKA: To ta gane. Bas ɗin rana, ƙarfe nawa yake isow—

STANKO: Biyu da kwata. Halo? Zofka? Ƙarfe biyu da kwata, a gaban coci yake tsayawa. Zofka?