Raunin da Babu Jini

Da kuɗin akuyata muka tafi. Jar nan da Inna ta ba ni ranar da aka kawo ni gidan nan, ke Ladi kin san ta, ita ce ta cinye miki ɗankwali. Yayanku ya kai ta kasuwar Kiru bayan an cire gyaɗa, ya dawo da kuɗin a lalita, ya ce, "Kada ki yi kuka, kafin damina zan sayo miki biyu." Ban yi kukan a gabansa ba.

Ke da Talatu kun dame ni da tambayar yadda Jos take. Faɗa da baki yana yi mini nauyi, shi ya sa na rubuta. Ku yi haƙuri da rubutun, ajin manya kaɗan na taɓa.

Jos dai sanyi ne da duwatsu. Ruwa ma daga ƙarfe yake fitowa, a murɗa ya zubo, a murɗa ya tsaya, amma ba shi da daɗin na rijiyarmu. Ɗaki guda muka kama a gidan wata Bayarabiya da ake kira Iya. Ran farko ta yi mini tsawa.

"Kai yarinya! Wa ya ce ka shanya kuɓewa a kan kwanon ɗakina?"

Na ruga ciki. Da yamma sai ga ta da tuwon doya, wai in ci in yi baki.

Yayanku a wurin haƙar kuza ya samu aiki. Motar kamfani ke kwashe lebura da safe. Yanzu kun saba ganinsa shiru a gindin ɗorawa, kila har kun manta yadda yake. Tun daga ƙofar gida nake jiyo shi yana kwaikwayon heluma, wato shugaban lebura: "Kamon, kamon, kwik-kwik!" Ya shigo, jikinsa duk jar laka, ya ciro dankalin Turawa biyu daga aljihu, ya ce, "Amarya, me aka dafa wa babban injiniya?" Wannan muryar nake nema har yau.

Wata Laraba birki ya tsinke a gangara, motar ta kife da su. Wasu suka karye. Shi kuwa a ka ƙarfen bodin motar ya buge shi, ya suma, ya farfaɗo, ya dawo gida da ƙafarsa. Ko ɗigon jini babu. Muka gode wa Allah.

Daga nan sai amai. Haske ya zame masa abokin gaba, har na rufe taga da zanena. Ya tambaye ni ko yau wace rana ce, in faɗa, kafin ruwa ya tafasa ya sake tambaya. Ranar da na ga ya yi azahar raka'a shida, ya tsaya a kan buzu yana waige-waige kamar wanda ya ɓata a daji, sai na fita na tsinto tsakuwa huɗu. In ya ta da salla, in zauna bayansa, kowace raka'a in jefa ɗaya a kwano. Bai taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban yi ba.

Kamfani ya ce zai biya diyya. Su can da wani dogon suna suke kiranta, kwamfan-wani-abu, in akawu ya faɗa sai ka ce atishawa ce ta kama shi. Amma sai likita ya sa hannu. Aka kai yayanku gaban likita Bature, tafinta ya ce, "Yaya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

To me zai ce? Ku ma kun sani, a wurinmu ko mutum ba ya iya ɗaga kai haka zai amsa. Likita kuwa ya rubuta ya warke. Sau biyu ana haka. Ya koma aiki, ya faɗi da kwanon ƙasa a ka, heluma ya ce ragwanci ne, ya sallame shi.

Iya ta tare ni wurin famfo.

"Mijinka ba lafiya. Kai ka gani, kai za ka faɗa."

"Iya, a gaban maza?"

"To a gaban awaki?"

Kwana uku ina juya abin. In na yi shiru, mu koma gida hannu rabbana, da ciwo, da sunan rago a kansa. In na yi magana, na tona abin da yake ɓoyewa ko daga kansa.

Muka tafi mu uku, ni da shi da Iya. Ya zauna kan benci ya dafe kai, don hayaniyar ofis ta juya shi. Akawu ya dube ni ta saman tabarau.

"Sunan mai rauni?"

"Mai gidanmu ne."

"Duk waɗannan masu gida ne. Suna nake so."

Aka yi dariya. Iya dai da laƙabin Ɗan Kiru kawai ta san shi. Ni kuwa tun da aka ɗaura mana aure sunan nan bai taɓa hawa harshena ba. Na ja mayafi na rufe fuska, na faɗa. Kada ku tambaye ni, ba zan rubuta shi a nan ba.

A gaban likita na kwance bakin zanena, na ajiye tsakuwoyin a kan tebur. Na faɗi aman, da tagar, da raka'a shida. Yayanku yana kallon ƙasa. Likita ya haska masa ido da ƙaramar fitila, ya sa shi ya bi wani layi a daɓe, sai ya yi tangaɗi. Aka sake takarda.

Diyyar ta fito bayan mako biyar, ba ta kai ta masu karaya ba. Su rauninsu ana gani. A makonnin nan, ban da gaisuwa, bai ce mini komai ba. Na ɗauka shi ke nan, ya riƙe ni a zuci.

A motar dawowa ya ƙanƙame ƙarfe da hannu biyu, kowace gangara ya runtse ido. Sai da muka shiga dajin Falgore, na fara jin ƙamshin ƙasarmu, sannan ya matso da kansa kusa da mayafina.

"Amarya," ya ce, "ashe kin san sunana."

Ya yi dariya, irin ta da, har da buga gwiwa. Sau ɗaya ne, amma na ji ta.

Jakin da kuke gani daga diyyar ne, da baƙar akuyar nan. Ɗaya ce, ba biyu ba, kuma wani lokaci yakan tambaye ni ta wace ce. Likita ya ce irin wannan ciwo yakan saki mutum a hankali, ba a sa masa rana. Ni dai kullum da yamma kunnena yana zaure.

Ga ladan can ya kira la'asar. Bari in ɗauko kwanon.