Hular Ƙungiyar Ƙarfe

A tashar bas ta unguwar Asian Town da ke Doha, wani dattijo ya ƙura wa hular na kusa da shi ido.

"Ɗan'uwa, wannan ba ta ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe ba ce?"

"Ita ce, Baba. Absalom sunana. Jibi zan koma gida, an sake buɗe masana'antarmu."

"Ni Nasidi. Can na yi aiki tun kafin zuwanku. Wa ya kira ka?"

"Ƙungiya. Duk wanda ya taɓa zaman bakin ƙofa lokacin yajin aiki, shi za a fara ɗauka. Aikin shugabanmu ne, Kwamared Saifuddeen. Namijin duniya!"

"Namiji? Yaron da muryarsa ke rawa in ya riƙe lasifika? Ni na koya masa tsayawa gaban manaja! Da ban taho Doha ba, ni ne a kujerar nan."

"To, shi bai taho ba. Yau har waƙa ake yi masa."

"Waƙa! Albashina ya ninka nasa sau uku."

"Allah ya ƙara. Ka zauna abinka kenan."

Dattijon ya sake duban hular.

"Kafil, ubangidana na nan, ya ce khalas, an gama, ƙarshen wata zai sallame ni. Wai na tsufa."

"Haba Baba! Ai kai ma ka yi zaman ƙofa. Ga lambar Kwamared, ka roƙe shi kawai, ba ya wulaƙanta mutum."

"Mayar da wayarka aljihu, ina da lambarsa. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya."