In Labari Ya Cije

A ɗakin jira na tashar jirgin ƙasa ta Daejeon, Tak Yun-ho ya zuba wa kwamfutarsa ido, ya kasa ƙara ko kalma. Wata dattijuwa da ke ɓare lemo a gefensa ta leƙo.

"Ɗan nan, gasar rubuta littafi cikin wata guda ka shiga?"

"Ita ce, Iya, karona na farko. Labarin ya cije, ga shi na riga na cika baki a ofis."

"Da magani. Ni na daɗe ina shiga. Duk inda labari ya cije, kashe mutum ɗaya. Jana'iza kaɗai sai ta cika maka babi, ga kuka, ga rigimar gado."

Yun-ho ya ji sanyi a ransa. "Da wa zan fara?"

"Wanda ya fi ba ka haushi. Ni da maigidana nake farawa, suna kawai nake sauya masa."

"To littafi nawa kika kammala?"

"Ko ɗaya. Kafin tsakiyar wata mutanen duk sun ƙare."

Maigidan nata, wani tsoho da ke gyangyaɗi kusa da ita, ya buɗe ido ɗaya.

"Bana dai an yi mini adalci, yaro. Na kai babi na biyu."