Na Goge Muryar Babanmu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki.

Sunana Adamu, ni tela ne a Nguru. Mahaifinmu masunci ne a Gashua, kuma in yana gyaran taru yakan rera waƙoƙi da yaren Bade. Kafin ya rasu, yayana ya ɗauki muryarsa a kaset ɗaya tak, aka ba ni ajiya.

Bara ina ɗinki aka sako wata sabuwar waƙa a rediyo. Na zari wani kaset cikin sauri na fara ɗaukar waƙar a kai. Sai da na gama na duba, ashe na Baba ne. Gyaran muryarsa na farko kawai ya rage.

Da Sallah na je gida, Iya ta ce, "Adamu, ina kaset ɗin Malam? Ina so in ji shi."

Na ce, "Iya, na manto shi a shago."

Ta ce, "Ba komai, wata Sallar."

Wallahi na kasa haɗa ido da ita. Ga Sallah ta sake matsowa. Jama'a, don Allah ku ba ni shawara, da wane baki zan gaya wa tsohuwar nan gaskiya?