Ruwan da Nake Watsa wa Birki

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Sale, daga Ƙofa. Sana'ata jan injin casar shinkafa da mota a-kori-kura zuwa gonakin Tiga.

Kullum in na sauko gangara ƙafafun mota suka ɗau zafi, sai in watsa musu ruwa, a zatona gata nake yi wa birki. Ranar Talata wani makiyayi ya koro shanu kan titi. Na taka birki, sitiyari ya hau rawa, injin kuma yana turo ni ta baya. Allah ya kiyaye, taku biyu ya rage tsakanina da saniyar farko.

Da bakanike ya kwance ƙafar, ya ce, "Malam Sale, ruwanka ya lanƙwasa faifan birkin, takalmin kuma ya cinye. Birkin mota mai jan kaya ba ya daɗewa kamar na sauran. Ka riƙa kawo ta kafin kowace kaka."

An canza, alhamdulillahi. Ina gaida direbobin Bebeji, musamman aminina wanda ya koya mini watsa ruwan. Don Allah ka kai taka a duba yau.