Ragon Garin Dinya

Igiya ce a hannun mutumin, amma babu dabba. Alhaji Aƙilu ya lura da ita yana jiran a wanke masa mota a Nassarawa GRA.

"Malam, me ya tsinke maka?"

"Rago, Alhaji. 'Yan sandan ƙauyenmu suka kama shi, wai ya shiga gonar wani. Na sunan ɗana ne, ga suna jibi. Kwamitin da ke karɓar ƙorafi a kansu nake nema."

Alhaji ya gyara zaman hula. "Ka zo gidan sauƙi, ina cikin kwamitin. Wane gari?"

"Garin Dinya."

"Haba! Ranar Asabar muna can, ba wanda ya kawo kuka."

"A harabar ofishinsu kuka zauna, ranka ya daɗe. Wa zai shiga?"

"Kai dai ba ku da godiya. Mutanen kirki ne, har rago suka gasa mana, suka kawo da kansa a faranti."

Mutumin ya matso. "Ƙahonsa na hagu a karye?"

Alhaji ya tuna farantin sarai. Har ƙari ya nema.

Ya miƙe a hankali, ya shiga motarsa da kumfa a jikinta, ya ja.