Matar da Ta Haddace Littafin Waƙoƙi

A bencin mai hoto, wata mata ta leƙa hoton da tsohon kusa da ita ke riƙe da shi.

"Maiɗakinka ce, Baba?"

"Ita ce, ta tafi wurin Ubangiji. Shekara sittin, 'ya'ya bakwai, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. In na ɓata mata rai, waƙar coci kawai take rerawa tana wanke-wanke."

"Ta iya da yawa?"

"Duk littafin ta haddace. Har fasto na yabonta."

"Ai kai ya kamata ya yaba, Baba. Kai ne malaminta."

Tsohon ya yi dariya, ya shafa hoton.

"Jiya da gangan na shiga ɗaki da takalmi duk laka, na tsaya ina jira. Shiru, 'yata. Ba wanda ya yi waƙa."